Tsohon tarho mai faifai: ka gyara da hannunka ko ka sayi wanda aka ce an gyara?

Duk wanda ya ga baƙin tarhon da ke kan teburina sai ya zura yatsa ya juya faifan, ya saki, ya tsaya yana sauraren yadda yake komawa tarrrr, daga nan tambayar ɗaya ce kullum, wai a gyare na saye shi ko ni na gyara, kuma in shi ma yana so wanne ya fi. Toh amsata ba ta canzawa. Ka nemi wanda ba a taɓa ba, da ƙurarsa da dauɗarsa, ka zauna ka gyara abinka. Ban ce babu masu gyara na kirki ba, akwai su, amma ni an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waɗannan tarhon tun asali ba don sayarwa aka ƙera su ba. A Amurka kamfanin Bell ne mai su, haya yake ba mutane, har za ka ga a jikin wasu an rubuta kayan kamfani ne ba na sayarwa ba, haka aka yi ta tafiya har aka raba kamfanin a 1984. A Ingila ma hukumar gidan waya ce mai su. Toh tunda in ya lalace kamfani ne zai turo ma'aikaci da kuɗinsa, sai suka ƙera abu mai ƙarko wanda mutum ɗaya da sukundireba ɗaya zai buɗe ya gyara a tsaye. Kai da za ka gyara a gida yau wannan gadon ka ci.

Ni nawa gwanin shi ne Western Electric 500, wanda ya fito a 1950, ofishin Henry Dreyfuss, wani mai zana kayan masana'anta, ne ya zana shi. Wallahi ban ga tarhon da ya kai shi daɗin aiki ba. Sukuru biyu ne kacal a ƙasa, kana kwance su murfin ya tashi, komai na gabanka a shimfiɗe, ga ƙararrawa da kofuna biyu na tagulla, ga faifan lamba, ga wani ɗan akwati da duk wayoyin ke haɗuwa a kansa, kowace waya da kalarta kuma da sukuru aka ɗaure ta, ba sai ka kunna ƙarfen soda ba. Nauyinsa ya kai kusan kilo 2, in ka ja igiya ba ya bin ka ya faɗo. An yi miliyoyinsa shekara da shekaru saboda haka kayan gyaransa ba sa wuya, abin magana, abin ji, igiya, faifai, duk ana samu, kuma na wannan yakan shiga wancan. Sannan abin da ya fi burge ni, kusan kowane ɓangare an buga masa wata da shekarar da aka yi shi, a gindin tarhon, a kan ƙararrawa, a bayan faifai, har cikin hannun. Nawa 1957 ne gaba ɗaya, ranar da na buɗe na ga lambobin sun zo ɗaya na daɗe ina kallo.

Sauran fa? GPO 746 na hukumar gidan wayar Ingila da ya fito a 1967 ba laifi, shi ma yana da sauƙi, sai dai ya fi son a ƙara masa rizisto, ɗan abin rage wuta, mai 3.3k a layin ƙararrawa a kuma sake jera wayoyin kafin ya zauna da soket na zamani. W48 na Jamus kyakkyawa ne amma Bakelite ne, wata tsohuwar roba mai tauri, faɗuwa ɗaya ya tsage. Ericofon na Suwidin, mai tsaye ɗin nan da faifansa ke gindi, na kallo ne, cikinsa a cushe yake, ba na ɗan koyo ba ne. Princess na Amurka na 1959 kuma na farko-farkon ko ƙararrawa babu a ciki, ka wuce kawai.

Aikin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Kafin ka taɓa komai ka cire shi daga layi, don layin tarho yana ɗauke da wuta bolt 48 ko ba a magana, in kuma kira ya shigo takan haura zuwa wajen bolt 90, ta isa ta fizge ka sosai. Sai ka ɗauki hoto, ka ƙara ɗauka, kowace waya ka ga inda take kafin ka kwance. Murfin ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in ya bushe ka bi shi da man goge roba da tsumma mai laushi, a hankali, za ka sha mamakin ƙyallin da ke ɓoye a ƙarƙashin dattin shekara 60. Kar ka kusanta shi da asiton ko tina, narkar da robar suke yi.

Faifan ne zuciyar abin, a nan nake so a nutsu. In ka juya lamba ka saki, sifirin ne ke mayar da shi, yana komawa yana katse layi sau adadin lambar, sau 10 a daƙiƙa ɗaya, sifili kuma katsewa 10 ce a yawancin ƙasashe. Saboda haka gwaji mai sauƙi shi ne ka juya sifili ka saki, ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya. In yana jan ƙafa tsohon mai ne ya daskare a giyoyin. A baya akwai wani ɗan kofi da ƙananan birki biyu ke juyawa a ciki, shi ke daidaita gudun, wannan kofin busasshe ake son sa, ko ɗigon mai kar ya shiga. Ka goge tsohon man, ka sa man agogo da tsinin allura a inda sanduna ke juyawa kawai, shi ke nan. Ƙananan ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa kuma ka zura farar takarda tsakaninsu ka ja, ba samfefa ba, kar ka lanƙwasa su. Robar da ake sa yatsa ma tana fita, akwai ɗan rami ƙarami tsakanin 9 da 0, ka juya faifan har ƙarshe ka tura siririyar waya a ramin ka ƙara juyawa kaɗan, sai ta saki.

In mutum ya ce ba ya jin ka sosai ko muryarka na shashshaka, abin maganar ne, ƙwayoyin gawayi ne a ciki da suke dunƙulewa in an daɗe ba a yi amfani da shi ba. Ka murɗe murfin bakin, ka ciro shi ka ɗan bubbuga shi a tebur ta gefe-gefe ka mayar, sau da yawa ya warke ke nan. In kuma ana kira ba ya ringin, kar ka yi saurin cewa ƙararrawa ta mutu, a samfurin 500 da yawa baƙar wayar ƙararrawar ce ke ɗaure a wurin da aka rubuta G a kan ɗan akwatin wayoyin nan tun zamanin tsohon tsarin layi, ka mayar da ita wurin da aka rubuta L1 ka ji ikon Allah. Ranar da nawa ya fara bugawa bayan na matsar da wannan waya guda ɗaya, sai da na kira kaina sau biyar ina tsaye a kansa.

Yanzu bari in zo kan wanda aka ce an gyara. Amfaninsa ɗaya ne, ka buɗe kwali ka jona. In kyauta za ka ba wani ko kai dai ba ka da haƙurin ƙananan sukurori toh ba laifi. Matsalar ita ce kalmar "an gyara" ba ta da ma'auni, wani ya kwance komai ya wanke ya gwada da mita, wani kuma tsumma kawai ya goga ya ninka kuɗi, wani ma gyaran gangar Auzinawa ya yi, kuma duk ukun kalma ɗaya suke rubutawa.

Ni wani jan tarho na taɓa saya wanda aka ce an gyara. Hotuna uku ne, duk daga gaba, yana sheƙi, an rubuta wai jan asali ne na shekarun 1950 an gyara shi tsaf. Na yi cinikin biri a sama. Da ya iso tun ɗagawar farko na ji bai kai nauyin da na sani ba, kuma kwalin na warin fenti. Ban kai sati biyu ba wurin da hannun ke zama ya fara ɓarewa, wata kala mai ruwan ƙasa ta leƙo daga ƙasa. Na kwance sukurorin nan biyu, abin da na gani har yau yana min ciwo, an cire ƙararrawar gaba ɗaya, ramukan sukurorinta ne kawai suka rage, a wurinta an manna wani ɗan allon lantarki da gam mai zafi da ƙaramar sifika mai kukan tsuntsu. An yanke wayoyin asali an murɗa su da salatif. Faifan kuma an feshe shi da man feshi har yana ɗiga, shi ya sa ranar farko yake gudu kamar sabo, bayan wata ɗaya ƙura ta manne ya fara kiran lambar da ban juya ba. Na yi wa mai sayarwar magana ya ce ai shi bai taɓa cewa cikin na asali ba ne. Kyan ɗan maciji ke nan. Kuma abin baƙin cikin, tarhon da suka lalata ɗin lafiyayye ne, da sun bar shi da kalarsa da ƙararrawarsa da na saye shi da murna.

Saboda haka dan Allah in za ka sayi gyararre ka matsa sai an nuna maka ciki da gindi, duk wanda ya ƙi ɗaga murfi ya ɗauki hoto ka bar masa kayansa. Kalar gaske a cikin robar take, ciki da waje iri ɗaya, in waje ja ne ciki wata kala toh fenti ne. Ka fi sa ido a kan kaloli masu wuyar samu, don su ake fentawa, baƙi ba mai wahalar da kansa a kai. Ka duba lambobin shekara, amma a nan a yi adalci, in ka ga gindi 1955 hannu 1962 ba lalle cuta ba ce, kamfanin da kansa yakan karɓi tsofaffi ya canza musu kaya ya sake fitarwa, cutar ita ce a ce maka komai na shekara ɗaya ne alhali ba haka ba. Ka tambaya ko ƙararrawar ƙarfe ce, a turo maka bidiyo tana bugawa, kuma a bidiyon a juya sifili ka ƙirga da kanka.

Akwai kuma masu sa wa farar roba da ta koma rawaya sinadarin haidirojin ferokzaid su shanya a rana, ta yi fari fes, ba haramun ba ne amma rawayar takan dawo bayan wani lokaci kuma in an zarce robar kan yi dabbare-dabbare, ya kamata a faɗa wa mai saye. Sai 'yan "Bakelite ne", komai baƙi a wurinsu Bakelite ne. Na gaske yana da nauyi da tauri, in ka goga shi da yatsa har ya yi ɗumi za ka ji wani wari kamar na magani, kuma kar ka yarda da mai cewa a gwada da allura mai zafi, ɓata kaya ne. Tsagar Bakelite ma ana cike ta da gam a shafa baƙin man takalmi, ka haska tocila ta ciki za ka ga layin. Mafi muni su ne dogayen tarhon nan masu kama da sandar kyandir, na tagulla mai walƙiya da tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a gaba, da yawansu sababbi ne aka ƙera aka tsufar da su da gangan, na asalin galibi baƙin fenti ko ruwan nikel ke jikinsu. In ka ga sukuru mai kan kuros ko wayoyi masu rigar roba mai sheƙi a tarhon da aka ce na 1915 ne, ka san ƙarya ce. Haka waɗanda ake yi yanzu da siffar da, masu maɓallai jere a da'ira kamar faifai, ba laifi ba ne a sayar da su a matsayin sababbi, amma na sha ganin an kira su tsofaffi.

Abu ɗaya da ya shafi kowa, ko kai ka gyara ko saya ka yi, shi ne layin da za ka jona. Tsohon layin tagulla yana ƙarewa a ƙasashe da yawa, Birtaniya ma ta sa Janairun 2027 ta rufe nata, kuma yawancin rauta na intanet sautin maɓallai suke ganewa, ba su san katsewar faifai ba, sai ka ga ana kiranka yana ringin amma kai ba ka iya kira. Masu sayarwa kan fake da wannan su ce dole a cire cikin a sa na zamani. Ba dole ba ne sam. Akwai ƙaramin kwanbata da ake sa wa a kan igiya daga waje yana mayar da katsewar zuwa sauti, akwai akwatunan layin intanet da ke gane faifai da kansu irin Grandstream HT801, akwai kuma masu haɗa shi da wayar hannu ta Bluetooth. Kafin ka saya ka tabbatar an rubuta yana karɓar faifai kuma yana da ƙarfin kaɗa ƙararrawar ƙarfe, don wasu ba sa iyawa, in ta yi rauni akwai ɗan siririn sifirin a jikin ƙararrawar 500 da ake matsarwa zuwa ɗaya ramin ta yi sauƙin kaɗawa. Nawa ta Bluetooth yake aiki yanzu, ban yanke ko waya ɗaya a cikinsa ba. Jan nan kuma yana cikin kwali, na samo masa ƙararrawa ta shekarar da ta dace, saura in kankare fentin in ga ko robar da ke ƙasa za ta goge.