Kamfanonin da ke rubuta wa tsangayar shari'a tsarin shekara biyar: ina suka iya, ina suka gaza

Jami'o'i da dama, musamman masu zaman kansu, sun koma ɗaukar kamfanonin ba da shawara su tsara musu makomar tsangayar shari'a. Aikin kusan iri ɗaya ne ko'ina: a tattauna da shugaban tsangaya da malamai, a raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, a yi taron kwana biyu a otal, sannan a miƙa kundi mai bango mai sheƙi.

Wajen lissafin kuɗi da tsara jadawali, a gaskiya sun iya. Za su nuna abin da kuɗin makaranta zai kawo, abin da albashi zai ci, da wanda kowane aiki ya rataya a wuyansa. Malaman shari'a ba kasafai suke da haƙurin wannan ba.

Inda akasarinsu ke tuntuɓe shi ne ɗaukar tsangayar shari'a kamar kowace tsangaya. Ita kuwa iyayen gida biyu gare ta. Akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, akwai kuma Majalisar Ilimin Lauyoyi da aka kafa a 1962, wadda Makarantar Horas da Lauyoyi ke ƙarƙashinta. Majalisar ce ke yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Sai ka ga kundi ya ce a ninka ɗalibai cikin shekara uku don kuɗin shiga ya ƙaru, ba a ko ambaci wannan adadi ba. Illar ba ta fitowa sai bayan shekara biyar, lokacin da yaran suka gama digiri suka tarar babu gurbinsu a rassan Makarantar Horas da Lauyoyi na Bwari ko Bagauda ko Yola. Su zauna gida suna jiran layi, ita kuma jami'ar tana iya fuskantar dakatarwa.

Sai batun malamai. Ƙa'idar NUC ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30, kuma kashi 20 cikin ɗari na malaman su kasance farfesoshi da masu bi musu, 35 manyan malamai, 45 na ƙasa. Kundin da ya ce kawai "za a ƙara malamai" bai ce komai ba. Ana so ya faɗi nawa, a wane mataki, a wace shekara, da wa za a tura digiri na uku. Farfesan aro da ake kawowa makon tantancewa ba ya cikin lissafi, kowa ya san haka. A tuna kuma cikakkiyar amincewar da NUC ke bayarwa bayan tantancewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi biyu, don haka jadawalin ya dace da ranar dawowar masu tantancewa.

Manhajar karatu ta NUC mai suna CCMAS da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa ta cike da kanta. A nan ne tsangaya za ta bambanta da sauran, misali ta ƙarfafa shari'ar Musulunci kamar yadda ABU da BUK suka daɗe suna yi, ko dokokin hada-hadar kuɗi. Kamfanoni kaɗan ne ke taɓa wannan, don yana buƙatar wanda ya taɓa koyarwa.

Ɗakin karatu ma a duba. Sayen kundayen hukunce-hukuncen kotu sau ɗaya bai isa ba. Biyan kuɗin rumbunan hukunce-hukunce na intanet irin su LawPavilion na shekara-shekara ne, dole ya shiga kasafi, tare da kotun gwaji da ofishin ba talakawa shawara kyauta. Jami'a mai zaman kanta kuma kada ta yarda a sa mata TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a lissafi, ba ta cikin masu cin gajiyarsa.

Kafin a sa hannu, a nemi ganin tsarin da suka taɓa yi wa wata tsangayar shari'a, a tabbatar akwai tsohon shugaban tsangaya a tawagarsu, a kuma riƙe kason ƙarshe na kuɗinsu har sai majalisar malaman jami'a ta amince da kundin.