LEO Record: ma'aunin matsi mai rubuta abin da ya gani

Kamfanin Keller na garin Winterthur a Suwizaland ne ke ƙera LEO Record. A ido geji ne na dijital kamar sauran, sai dai shi yana adana matsi da zafi a cikinsa, kusan awo 57,000. Batirin lithium yake amfani da shi, don haka ko an ɗauke wuta yana nan yana rubutu, kuma sau tari lokacin da wuta ta dawo famfo ya tashi ne ake son ganin abin da ya faru a layi.

Inda ya fi amfani shi ne matsalar da ba ta faruwa a gaban mai gyara: kwamfuresa da ke tashi da tsakar dare alhali an rufe masana'anta, ko layin ruwa da matsinsa ke faɗuwa da asuba. A ɗaura shi a tafi, a dawo a zuba bayanan a kwamfuta. Sai dai a yi lissafin tazara tukuna. Awo ɗaya a kowace daƙiƙa zai cinye wurin ajiyar kafin awa 16, ɗaya a minti kuwa ya haura wata guda. In an haɗa da zafi, wurin ya ƙara raguwa.

Rubuta zafin nan ba ado ba ne. A ce an rufe tankin iska a bar 7 (bar shi ne ma'aunin da ake ƙirga matsi da shi) da rana, zafi digiri 30 na Selsiyos, cikin dare ya sauka zuwa 20. Matsin zai ragu da kusan bar 0.26 ba tare da yoyo ko kaɗan ba. Wanda bai duba layin zafi a zanen bayanan da kwamfuta ke nunawa ba zai wuni yana shafa ruwan sabulu a mahaɗai a banza. In layin matsi da na zafi sun sauka tare sun tashi tare, yanayi ne. In zafi ya dawo matsi bai dawo ba, to akwai yoyo.

Iyakarsa a fili take: ba ya wuce awo ɗaya a daƙiƙa. Bugun ruwa da ke fasa bututu in an rufe bawul farat ɗaya, ko tsallen matsi a injin haidurolik, kafin ƙiftawar ido sun wuce, zanen kuma zai fito sumul kamar lafiya lau. Wannan aikin na na'ura ce mai awo dubu a daƙiƙa ko fiye.

Wajen saye a kula da girman ma'auni. Kuskurensa kashi 0.1 cikin ɗari ne na ƙarshen ma'aunin, wato mai bar 300 zai iya kaucewa da bar 0.3. A layin ruwa mai bar 4 wannan ɓarnar kuɗi ce kawai. Wurin gas ko fetur kuma sai samfurin Ei, wanda aka ƙera don kada ya haddasa fashewa.

Zaren bakinsa samfurin G1/4 ne, da washa ake hana shi yoyo, kada a tilasta shi cikin rami mai zaren NPT, wanda wani samfuri ne daban. A ɗaure da sufana a wuyan ƙarfen, kada a murɗa kan. A daidaita agogonsa da na kwamfuta kafin a fara, in ba haka ba ba za a iya haɗa zanen da lokacin da famfo ya tashi ba. Ana buƙatar wayar haɗi ta musamman don sauke bayanai, a tabbatar mai sayarwa ya sa ta cikin farashi.