Wace mota ce ta cancanci a tuɓe ta don filin tsere?

Wanda Allah ya haɗa shi da mota mai wuyar samu, irin su Honda S2000 ko Mercedes 190E 2.3-16, sau da yawa zuciyarsa takan raya masa ya cire kujeru, ya sa mata kejin ƙarfe mai kare direba in ta kife, ya kai ta fili. Shawarata ya dakata tukuna. Motar tsere kayan ci ce. Birki na cinyewa, taya na ƙarewa, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai ta daki wani abu. Don haka kafin ka biya dillali, yi wa kanka wannan tambayar: idan ta fasa lagireto ko ta lanƙwasa hannun taya ran Asabar, kafin Laraba zan samu kayan a Sabon Gari, ko a Panteka ta Kaduna, ko in abin ya yi tsanani a Ladipo ta Legas? Da wannan ma'aunin zan auna motocin da ke ƙasa.

S2000 mota ce ta gaske. Honda ta ƙera ta daga 1999 zuwa 2009, injinta na farko lita 2 ne mai juyawa har 9,000 a minti, yana ba da ƙarfin doki kusan 240. Amma duk duniya ba a ƙera fiye da wajen 110,000 ba, kuma a nan Zariya sai ka shekara ba ka ga ɗaya a Kwangila ba. Ranar da injin nan ya buga, ka shiga jiran jirgin ruwa. Ita kuwa 190E 2.3-16, mai kan injin da kamfanin Cosworth ya tsara, irinta ce shahararren direban tsere Ayrton Senna ya ci tsere da ita a filin Nürburgring na Jamus a 1984. Wadda ta rayu lafiya har yau darajarta tana cikin zamanta yadda ta fito. Da zarar an huda mata ƙasa an yi walda, kuɗin ya tafi ke nan. A bar ta a gareji.

Mazda RX-8 ko kallo kada ka yi mata, injinta ba fistin gare shi ba, kuma kanikawanmu ba su saba da shi ba. Nissan 350Z tana da ƙarfi amma nauyinta ya kusa tan ɗaya da rabi, birki da taya za su cinye ka. Porsche Boxster ta farko akwai boris ɗaya a cikin injinta da in ya watse sai ya tafi da injin gaba ɗaya. Mazda MX-5 ce ta fi kowace koyar da tuƙi, yawancin zubinta bai kai kilo 1,100 ba, sai dai ita ma baƙuwa ce a kasuwarmu, kuma dogon mutum da hular kwano kansa yakan zarce ƙarfen kariya. Toyota 86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, sun cancanci a duba su, amma matsin injinsu 12.5 ne bisa 1, mai suke so mai inganci sosai, mu kuwa gidan mai ba ya ba mu zaɓi irin na Turai. Duk wadda ta zo da sitiyari a dama daga Japan ko Ingila, ka ƙyale ta. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da irin waɗannan ba, kuma juyin sitiyari na bakin titi shi ne abu na ƙarshe da kake so a ƙarƙashin hannunka kana gudun 160.

Wadda nake so a saya ita ce BMW E36, wato jerin 3 na shekarun 1990, ko 325i ko 328i, mai giyar hannu. Tayoyin baya ke ja, nauyinta ya rabu kusan daidai gaba da baya, injin silinda shida ne a jere, kuma kayanta na gwanjo sun cika ƙasar nan. Ƙofa, fitila, giyabos, kan injin, duk za ka samu ba tare da ka roƙi wani a Jamus ba. 325i tana da injin M50, lita 2.5, doki 192. 328i tana da M52, lita 2.8, doki 193, amma ta fi ja tun injin yana ƙaramin juyi. A takarda 328i ta fi. A ƙasa kuwa akwai magana. M52 na Turai na farko gangar jikinsa alminiyam ce, an shafe cikin silindar da wani sinadari da ake kira Nikasil, wanda mai mai yawan farar wuta yake cinyewa. Motar da ta shekara ashirin tana shan manmu, har da na 'yan bumburutu, ba abin mamaki ba ne a tarar silindarta ta sassaɓe. M50 kuwa gangar ƙarfe ce zalla, haka ma 328i da aka kai Amurka. Ni M50 zan ɗauka. Ko wanne ka samu, kada ka biya sai an cire filogi shida an auna matsin kowace silinda injin na da zafi. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, ka mayar wa mai ita makullinsa.

E36 tana da cututtukanta, kuma alherinta shi ne an san su duka. Na farko ruwa. Wuyan lagireto roba ne, gidan tamostat roba ne, farfelar famfon ruwa ta asali a yawancinsu roba ce. Buɗe bonet ka duba bakin da babban tiyo na sama yake shiga. In baƙin ya koma ruwan ƙasa, ka kankare shi da farce ya yi gari, to kwanansa ya ƙare. A zafin Maris da Afrilu na Zazzau, injin da ake riƙewa sama da juyi 5,000 na minti ashirin ba ya yafe wannan. A canza duka a rana ɗaya: lagireto na alminiyam, famfo mai farfelar ƙarfe, sabbin tiyo, sabon murfi. Fankar roba da injin ke juyawa takan tarwatse ta yanka tiyo, gara a sa ta lantarki. Kuma don Allah kada ka yarda bakanike ya cire tamostat ya jefar wai don ƙasarmu da zafi. Injin ba zai kai zafin aikinsa ba, kwamfutarsa za ta yi ta ƙara mai, man ya wanke bangon silinda.

Na biyu wani noti ne ƙarami da ke riƙe da haƙorin famfon baƙin mai. Zarensa na hagu ne, kuma girgizar babban juyi takan kwance shi. In ya kwance, mai ya daina zagayawa nan take, cikin daƙiƙoƙi injin ya kama. A sauke kaskon ƙasa, a ɗaure notin da waya ko a ɗiga masa walda. Tunda an riga an buɗe, a sa farantin da ke hana mai gudu gefe ɗaya a doguwar kwana. Injin na ɗaukar baƙin mai lita 6.5. Na uku bayan motar: inda shakazoba ke ɗaure a cikin but, inda gadon aksul ke manne da bodi, da aljihun da hannun tayar baya ke shiga. Ɗaga kafet ɗin but ka haska tocila, tsagewar siririya ce kamar gashi, wani lokaci tsatsa ce kawai ke nuna ta. Akwai farantan ƙarfafawa da ake waldawa a wuraren nan, kuma a sauke tankin mai kafin a kunna wuta. Bayan haka sai sabbin bushin gaba da baya, rim 17 da taya 225/45, notin taya a ɗaure da ma'auni a kan Nm 120. Turbo da ƙarin doki su jira shekara mai zuwa.

Wasu za su ce to a sayi M3 mana, wato wadda ta fi ƙarfi a wannan zubin na E36. Ta Turai tana da doki 286, daga baya 321, kuma ita ma ta shiga sahun waɗanda ba a yankawa. Daga nan ne ma damfara take farawa. Bamba da tambari da madubin gefe duk ana sayar da su, sai a liƙa wa 318i a kira ta M3. Lambar shasi ce alƙali: harufa da lambobi 17 ne, na M3 na gaske yana farawa da WBS, sauran galibi da WBA. Ka haɗa ta jikin bodi da ta takardar kwastam. Ka sa hannu ƙarƙashin kafet wajen ƙafar direba, ka duba layin da kujera ke gudu a kai. Busasshen taɓo ko tsatsa a nan alamar motar ambaliya ce daga gwanjon Amurka. Ka cire robar ƙofa ka bi bakin ƙarfen da ido. Ɗigon waldar kamfani a jere yake daidai wa daida. In ka ga dogon ɗinki an shafe da foti, mota biyu aka haɗa, kuma ba kejin da zai gyara ta.

Shi kansa kejin nan ne aka fi cutar mutane. Masu waldarmu gwanaye ne a ƙofa da tankin ruwa, amma bututun famfo ba ƙarfen keji ba ne. Ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ce bututu marar ɗinki wanda aka ja a sanyi, babban baka ya zama milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2, sauran kuma 38 da 2.5 ko 40 da 2. Zura yatsa cikin bakin bututun ka juya. In ka ji wani tudu siriri ya miƙe daga farko har ƙarshe, mai ɗinki ne, kuma ta nan zai tsage ranar da motar ta kife. Babban bakan guda ɗaya ake lanƙwasawa da inji, ba a gasa shi da wuta, ba a yanka a haɗa. Kowace ƙafa ta zauna a kan faranti mai kaurin milimita 3 da faɗin santimita murabba'i 120, in ba haka ba keji zai huda ƙasan motar ya nutse. Waldar kabaid ba ta shiga wannan aikin. Wasu kuma sukan walda inda ido ke gani su bar bayan bututun ta wajen rufi, don haka ka zagaya kowane gaɓa da ƙaramin madubi kafin a yi fenti. Mota mai keji ba a tuƙa ta kai a buɗe, ko daga Samaru zuwa PZ ne. A ɗauke ta a kan babbar mota zuwa wurin wasa.

Bel da kujera kuwa jabunsu ya fi gangariyarsu yawa a intanet. Sunayen Takata, Sparco, Bride da Recaro ana ɗinka su a kan kayan da ba su taɓa ganin gwaji ba. Bel na gaske yana da lambar amincewa, 8853-2016, da tambarin FIA mai walƙiya, da shekarar da aikinsa zai ƙare, shekara biyar ce. Kujera mai lamba 8855-1999 ita ma biyar ce. Hukumar tana wallafa jerin kayan da ta amince da su, ka nemi lambar a ciki kafin ka tura kuɗi. Wanda ya ce maka sabo ne a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa ya riga ya gaya maka gaskiya. Ka ɗauki mai madauri shida, domin mai huɗu yakan bar mutum ya sulale ta ƙasa bel ya yanki cikinsa. Madaurin kafaɗa ya tafi baya a miƙe, ko ya sunkuya kaɗan da bai wuce digiri 20 ba. In aka ɗaure shi can ƙasa bayan kujera, a karo ƙashin baya zai danne. Hular kwano ta 'yan acaɓa ba ta wannan fagen ba ce. Ka ɗaga soson ciki ka nemi tambarin gwajin hular tsere na Snell SA2020 ko wanda ya biyo bayansa, shi ne mai shafin da wuta ba ta saurin ci.

Rim na jabu yakan kwaikwayi BBS ko Rays har da sitika, amma zubi ne mai arha, a bakin kwana sai ya karye daga ƙafafunsa. Taya kuma ka karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In wurin ya yi santsi kamar an goge da sanfefa, an kankare ne. Man birki shi ne mafi arha cikin kayan nan, kuma shi aka fi ɗurawa a tsohuwar roba a sake liƙewa. Man birki ajin DOT 4 na gaske ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma in ya sha danshin damina yakan sauko wajen 155, a zagaye na biyar ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Na tsere irin Motul RBF 600 ya haura 300. Ka saya a rufe daga hannun da ka sani, lita ɗaya ta isa a wanke layin duka, kuma a fara zuƙe iska daga tayar baya ta dama, sai ta hagu, sannan a dawo gaba. Kada a haɗa shi da DOT 5, wannan na siliko ne, ba sa gauraya.