Sabon tsarin karɓar baƙi a wani otal na Abuja: akwai sauƙi, amma tsaron bayanai da saura

Wani otal mai matsakaicin girma a unguwar Wuse, wanda na saba sauka a cikinsa idan aiki ya kai ni Abuja, ya sabunta tsarin karɓar baƙinsa baki ɗaya. Yanzu ta manhajar waya ake kama ɗaki, a biya da katin banki ko a tura kuɗi, sannan an maye gurbin makullan ƙarfe da katin da ake kangawa a jikin ƙofa. Ta fuskar sauƙi ba ni da abin kushewa, domin dogon jiran da ake yi a teburin karɓar baƙi ya kau, rasit kuma yana shigowa ta imel nan take.

Inda nake da ja shi ne yadda ake riƙe bayanan baƙo. Duk da cewa na cike komai a manhaja, ma'aikaciyar da ta tarbe ni ta nemi takardar shaidata ta ɗan ƙasa, ta ɗauki hotonta da wayarta ta kashin kanta, ta tura wani zauren WhatsApp na ma'aikata. Takardar nan tana ɗauke da lambar NIN, wadda a yau take haɗe da layin wayar mutum da asusunsa na banki. Da na tambayi tsawon lokacin da za a ajiye hoton, da wanda zai tabbatar an goge shi ranar da ma'aikaci ya bar aiki, sai aka ba ni haƙuri cikin ladabi, amma ba a ba ni amsa ba. Ban ga laifinta ba, tun da abin da aka koya mata ta yi. Alhakin yana wuyan masu gudanar da otal ɗin.

Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne a idon doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai tattara bayanan jama'a ya taƙaita ga abin da yake buƙata, ya bayyana dalilin karɓa, kada kuma ya riƙe su fiye da lokacin da ya kamata. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, dole ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin sa'o'i 72 da gano kutsen. Ta yaya otal zai san an yi masa kutse alhali bayanan suna warwatse a wayoyin da ba shi da iko da su?

A ɗaki ma na tarar da talabijin a buɗe da asusun YouTube na baƙon da ya riga ni, kalmar sirrin intanet kuwa guda ce ga kowa, an manna ta a bango.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan fage. A 2018 kamfanin otal-otal na Marriott ya bayyana cewa masu kutse sun kasance cikin rumbun bayanan Starwood, wani rukunin otal-otal da ya saya, tun 2014, lamarin da ya shafi bayanan baƙi kimanin miliyan 339, hukumar kare bayanai ta Birtaniya kuma ta ci shi tarar fam miliyan 18.4 a 2020. A Satumbar 2023 wani harin ya tsayar da katunan ƙofa da na'urorin biyan kuɗi a otal-otal na MGM a Las Vegas, ya jawo asarar kusan dala miliyan 100, kuma rahotanni sun nuna cewa da kiran waya aka yaudari sashen taimakon ma'aikata har aka samu shiga.

Zan ci gaba da sauka a otal ɗin saboda tsabtarsa da mutuncin ma'aikatansa, sai dai ina shawartar duk mai zuwa ya nuna shaidarsa a duba da ido ba tare da an ɗauki hoto ba, kada ya bari katin bankinsa ya bar hannunsa, kuma ya yi harkar banki da datar wayarsa maimakon intanet ɗin otal.