Labarin ƙaron tsibirin Kiyos, zuwa ga Yaya

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara? Kin ce in ba ki labarin inda nake aiki yanzu, to ina Kiyos ne, wani tsibiri a Girka da in kin tsaya bakin ruwa kina hango Turkiyya ƙiri-ƙiri.

Abin da ya sa nake ta tuna ki shi ne ƙaronsu, mastiha suke ce masa, shi ne mistikan nan na Larabawa da ake sawa a turare. Wallahi nan ne gidansa, ƙauyuka 24 na kudancin tsibirin su ke nomansa. Da rani mukan share gindin bishiyar tas mu barbaɗa farar ƙasa, sai a tsattsage bawon da ɗan ƙarfe, ruwan ya riƙa ɗiga kamar hawaye har ya daskare bayan sati biyu zuwa uku, sannan a tsince, kuma aikin bai ƙare ba fa don tsofaffin mata ne ke zama duk lokacin sanyi suna kankare shi ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa. Bayana ya ji jiki amma ƙamshin kaɗai ya isa.

Inda abin ya taɓa min zuciya shi ne wajen sayarwa. Manoman suna da ƙungiya tun 1938, can kowa ke kai nasa a auna a biya shi, su kuma su yi cingam da mai, har man goge baki da sabulu ake yi da shi. Na tuna ƙaron da Baba ke tarawa a Yobe, buhu guda ɗan tsakiya ya zo ya yi masa kuɗi yadda ya ga dama ya tafi, raina ya ɓaci sosai ranar.

Kasuwa kam tamu ta fi rai. Nan da azahar yawancin shaguna sun rufe, Lahadi kuwa sai dai haƙuri, kuma ba a tayi, abin da aka rubuta shi za ki biya. Wuta da ruwan famfo dai ba na fargabarsu. Lemun yankin Kambos akwai zaƙi, amma yaji irin namu babu.

Na ajiye miki ɗan ƙulli na mai kyan, tsada gare shi ko a nan. Ki gaida Inna, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.