Rauta mai layi biyu: abin da na gani bayan wata uku a Kubwa

Wata uku kenan da na sayo rauta (na'urar da ke raba intanet a gida ta waifai) a Banex, kasuwar kayan waya da kwamfuta a Abuja, mai layi biyu, wato mai 2.4GHz da 5GHz, kuma wallahi satin farko saura kiris in mayar da ita. Wayata tana kamawa, laftof ma haka, amma wayar Hajiya sai ta yi ta juyawa tana nuna ana haɗawa, can sai ta saki. Ga shi kullum bayan isha'i take kiran bidiyo da ƙanwata da ke Jos ta ga jikokinta. Ranar nan tace min "Babangida, wannan abin naka wayata ce baya so ko?" Abin ya tsaya min a rai sosai.

Na kashe na kunna, na goge waifai ɗin a wayarta na sake saka kalmar sirri, duk a banza. Sai da na shiga saitin rautar ta adireshinta 192.168.0.1 a burauza na gane inda gizo ke saƙar. Ashe daga kamfani an haɗe layukan biyu a suna ɗaya, ita rautar ke zaɓar wa kowace waya layin da zata hau, kuma tsaron yana kan WPA3, ita kuwa wayar Hajiya tsohuwa ce, 2.4 kawai take gani kuma bata san wani WPA3 ba. Na raba sunayen, ɗaya Gida ɗaya Gida5, na mayar da tsaron WPA2, ko minti ɗaya ba a yi ba ta kama.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani, 5 ɗin nan yana da gudu amma baya jure bango. A falo kusa da rautar bidiyo baya ko tsayawa, da na shiga ɗakin baya, bangon bulo biyu tsakani, sai sandar sigina ɗaya ta rage. 2.4 shi ke ratsa bango ya kai har kicin, matsalarsa cunkoso, don a unguwarmu in ka buɗe waifai zaka ga sunaye sun fi goma na maƙwabta. A saitin rautar na hana shi zaɓar tasha (channel) da kansa na gwada tasha 1, 6 da 11, su ne basa hawa kan juna, 11 ta fi min lafiya. Kuma 5GHz ɗin ba shi bane 5G na layin waya, ƙanena ya ɗauka abu ɗaya ne.

Rautar kanta tana da kyau, kuɗina bai tafi a banza ba, abin da ya ban haushi shi ne takardar cikin kwalin bata yi bayanin raba layin yadda mutum zai gane ba. Sai kuma in an ɗauke wuta kafin ta dawo daidai sai ta ɗau kusan minti biyu, shi yasa na haɗa mata ƙaramin batiri saboda kar kiran Hajiya ya riƙa yankewa a tsakiya.