Me ya kamata a saya don hana legionella a ruwan otal da asibiti kafin bazara?

Ƙwayar legionella tana hayayyafa a ruwan da ɗuminsa yake tsakanin digiri 20 zuwa 45, musamman idan ya kwanta. Ba ta hanyar shan ruwan aka fi kamuwa ba. Feshin shawa ake shaƙa, ya sauka huhu, ya jawo namoniya mai tsanani irin wadda ta ɓarke a wani otal a Philadelphia a 1976.

A Turai ana so ruwan sanyi ya zauna ƙasa da digiri 20. Baƙin tankin roba a saman bene a Kano ko Maraɗi cikin Afrilu ba zai taɓa yin haka ba. Saboda haka kuɗin farko kan tanki zai tafi: rumfa, murfi mai rufuwa ruf, da girman da ruwansa zai ƙare cikin yini ɗaya. Babban tanki ba gata ba ne. Bututun da ba a amfani da shi a yanke shi daga tushe, famfon ɗakin da babu kowa kuma a buɗe shi duk mako.

Zafi na kashe ƙwayar, muddin hita ta riƙe digiri 60, ruwan kuma ya iso famfo da 50 cikin minti ɗaya. Matsalar ita ce wuta. Idan aka ɗauke ta na sa'o'i, hitar ta huce, ta faɗa daidai ɗumin da ƙwayar take so. Hita mai aiki da hasken rana ma sai da ƙarin na lantarki.

Kulorin ya fi araha, amma zafi na cinye shi da sauri, kuma ba ya ratsa yauƙin da ke manne cikin bututu sosai. Kulorin dayoksayid ya fi shi ratsawa, ana riƙe shi tsakanin miligiram 0.1 zuwa 0.5 a lita a bakin famfo. Sai dai a wurin ake haɗa shi, don haka kada a sayi injin sai an tabbatar da mai kawo sinadaran da mai gyara a kusa. Ga babban gini mai dogayen bututu, shi muka fi so.

Injin da ke sakin tagulla da azurfa cikin ruwa don kashe ƙwayar, ƙarfinsa yana raguwa idan ruwan burtsatse na da gartsi, domin ɓawo na toshe sandunansa. A gwada ruwan tukuna. Fitilar UV mai haske mai kashe ƙwayoyin cuta kuwa inda take kawai take kashewa, ba ta kare abin da ke gabanta.

Ɗakin masu raunin garkuwar jiki, a sa matata mai ƙananan ramuka na maikiron 0.2 a kan shawa, a riƙa sauya ta bisa wa'adin kamfanin. Kawunan sauran shawa a kwance su a kankare duk wata uku.